Gawon Garo da Tafkunan Jos: Ina Kyan Ƙasa Yake?

Kwanakin baya wani matashi daga Kabo, wanda bai daɗe da sa hannu a harkar rubutu ba, ya kawo mini daftarin littafinsa in duba masa. Labarin soyayya ne, kuma ba laifi, yaron yana da baki. Amma da na kai babi na huɗu sai na tarar ya kwashi saurayin da budurwar, 'yan ƙauye ɗaya a yammacin Kano, ya kai su gindin wani dutse mai ƙorama tana gangarowa, ga ciyawa shar, ga furanni jajaye da masu ruwan ɗorawa, ga raɓa tana sauka. Na ce masa, "Ƙanena, wannan wuri a ina yake tsakanin Kabo da Gwarzo? Ni ma ina so in je in sha iska." Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ai ka san ƙasarmu ba ta da abin kwatantawa. Fili ne kawai da kara. Jos na hango na rubuta."

Ban yi masa faɗa ba, don ba ni da bakin yi. Wannan magana ni ma na taɓa faɗarta, kuma a gaban wanda bai kamata ya ji ta ba.

Ina saurayi aka fara kai ni Jos. Mun bi ta Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, muka wuce Doguwa da Saminaka, daga nan sai mota ta fara nishi tana hawa. Duk wanda ya tashi a ƙasar da ba ta kai mita 500 bisa teku ba, aka wayi gari ya tsinci kansa a tudun da ya haura mita 1,200, ya san abin da nake nufi in na ce har numfashin mutum sai ya sake. Iskar daban, hasken daban. Ga duwatsun Shere sun tokare gabas, ga dutsen Riyom da aka ɗora wasu manyan duwatsu kan wasu kamar yaro ya yi wasa ya tafi ya bari, ga ruwan Assop yana faɗowa da ƙugi. Amma abin da ya fi tafiya da hankalina shi ne tafkunan nan na wajen Rayfield da Bukuru: ruwa kwance tsit, wani shuɗi wani kore, gefensa jar ƙasa ta yi tuddai, itatuwan turare sun jeru suna kallon kansu a ciki. Na tsaya na yi ta tasbihi, na ce lallai Allah Ya yi halitta a nan.

Da na komo Garo na je gaida Baffana, ƙanen mahaifina, na same shi a gona yana ɗaure dami. Ya tambaye ni hanya, ni kuwa baki ya buɗe. Na yi ta zuba, har na kai ga cewa mu dai an bar mu a fili, ba dutse ba ruwa, ba abin da ido zai huta a kai. Baffa bai ɗago ba. Sai da ya gama ɗaurin ya ce, "Ruwan nan da ka gani, ɗan nan, ka tambayi wanda ya haƙa ramin?" Na ce, "Wane rami, Baffa?" Ya ce, "Kakanka na cikinsu."

To, jama'a, tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami ke nan. Idan mutum ya ga wuri ya ce yana da kyau, daga baya ya gane cewa wurin tabon rauni ne, shin kyan nan yana nan ko ya tafi? Idan kuma ya raina wuri, daga baya ya gane cewa abin da ya raina aikin hankali ne da haƙurin mutane na ɗaruruwan shekaru, shin idonsa ne ya yi ƙarya, ko kuwa kyau abu ne da ba a gama ganinsa da ido? Kada mai karatu ya ɗauka wannan zancen 'yan falsafa ne da bai shafi marubuci ba. Mu ne muke gaya wa mutane abin da ya cancanci a tsaya a kalla, kuma abin da muka ce ba komai ba ne, shi ake sarewa ba a yi juyayi ba.

Bari mu fara da ramin. Tun kafin zuwan Turawa mutanenmu sun san kuza, ana narka ta a Riruwai, can kudancin ƙasar Kano. Amma haƙa irin ta kamfani, wadda ake kwashe bayan ƙasa gaba ɗaya a wanke ta a tsince baƙin yashin a zubar da saura, wannan a farkon ƙarni na 20 aka soma ta a tudun Jos. A 1914 har ƙaramin layin dogo aka ja daga Zariya don jigilarta. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza ana tsakiyar yaƙi, sai ta juyo kanmu. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwasar dubun-dubatar talakawa daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas, abin da tsofaffi ke kira diban gwamna. Mutanen da suka saba da zafi aka kai su ƙasar sanyi ba mayafin kirki, ba abinci isasshe, suna ɗaukar ƙasa a kai cikin ruwa da laka. Da yawa ba su komo ba. Kakana ya komo, amma Baffa ya ce da tari ya komo, kuma da shi ya koma ga Mahaliccinsa. Su kuwa masu ƙasar, Birom da maƙwabtansu, gonakinsu aka tone. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985 aikin ya riga ya ja baya, aka bar ramuka birjik, damina ta cika su. Itatuwan turaren da na gani suna kallon kansu a ruwa, su ma baƙi ne daga Ostireliya, an dasa da yawansu ne don a rufe ɓarnar.

Ka ga ke nan abin da na tsaya ina yi wa tasbihi kududdufi ne. Babu garin Hausa da ba shi da kududdufi, wato ramin da aka ɗebi ƙasar gini aka bari ruwa ya taru. A Garo ban taɓa ganin wanda ya tsaya bakin kududdufi yana ɗaukar hoto ba, domin mun san wanda ya haƙa, mun san sauron da ke fitowa daga ciki, mun san gidan da ya taɓa rasa yaro a ciki. Na Jos ya fi girma, ya fi zurfi, ya fi cin rai, amma da yake ni baƙo ne sai na ga aljanna. Hausawa suka ce baƙo ko da ido makaho ne.

A nan wani zai tare ni ya ce, "Malam, ka haɗa abin da bai haɗu ba. Shuɗin ruwa shuɗi ne, ko wa ya haƙa ramin. Tarihi ba ya sauya launi." Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Na koma Jos sau da dama bayan na san labarin, kuma gaskiya ruwan bai daina ɗaukar ido ba. Wanda ya ce da ya ji tarihin sai tafkin ya zama mummuna a idonsa, ina jin yana faɗin abin da yake ganin ya kamata ya ji ne. Ido ba ya karatun tarihi. Abin da ya sauya a gare ni shi ne na kasa sake cewa wurin yana da kyau da baki ɗaya, kamar yadda na faɗa da farko.

Harshenmu ya taimake ni a nan, don yana da kalmomi biyu da muke yawan cakuɗawa. Akwai ban sha'awa, akwai kyau. Ban sha'awa na ido ne da zuciya, yana zuwa nan take, ba ya tambaya. Kyau kuwa kalma ce mai nauyi, domin da ita muke yabon fuska, da ita kuma muke yabon hali. Mukan ce yarinya kyakkyawa, mu ce kyakkyawan aiki, mu ce wane ya kyauta, abin da aka ba ka don Allah mu kira shi kyauta. In manomi ya ɗebi ƙasa a hannu ya murza ya ce, "Wannan ƙasa tana da kyau," ba launinta yake nufi ba. Bahaushe bai raba kyan gani da kyan zama da abu ba sai in dole ta sa, kuma in ta sa yana da suna a ajiye: kyan ɗan maciji. Tafkunan kuza suna da ban sha'awa, wannan ba musu. Ko suna da kyau, sai an tambayi matar da ke hana ɗanta zuwa bakinsu.

Yanzu mu dawo gida, inda aka ce fili ne da kara.

Ka tsaya bakin hanyar Kano zuwa Gwarzo, ko'ina tsakanin Rimin Gado da Garo, ka dubi gonaki. Abin da za ka fara gani shimfiɗa ce har iyakar ganinka. Amma ka ƙara dubawa. Shimfiɗar nan ba tsirara take ba, itatuwa ne tsaye ɗaiɗai a cikinta, wannan can wancan can, ba su cunkushe kamar kurmi ba, ba su kuma jeru kamar na gandun gwamnati ba. Ka ƙirga irinsu: ɗorawa, kuka, tsamiya, gawo, kanya, ɗinya, rimi a bakin gari, giginya wajen fadama. Ka tambayi kanka, a daji haka itatuwa suke fitowa? A Falgore da muka ratsa, ai kowane iri ne ke fitowa, mai amfani da marar amfani. A nan kuwa kusan babu itacen da ke tsaye sai wanda ke ba da wani abu. Wato wani ya zaɓa. Wani manomi da ba mu san sunansa ba yana sassabe ya ga tsiron ɗorawa bai kai gwiwa ba, ya kauce masa da gatari, alhali ya san sai bayan shekaru masu yawa za a ci kalwarta, wataƙila ma ba shi zai ci ba. Ɗansa ya zo da garma ya zagaye ta. Jikansa ya kore akuya. Wannan filin da muke rainawa, kowane itace a cikinsa shaidar hannun da aka ɗaga ne aka fasa saukewa.

Ɗauki gawo kaɗai. Yawancin itatuwa suna yin ganye da damina su zubar da rani, shi kuwa ya juya al'amarin. Da ruwa ya sauka sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya fari fat kamar busasshe, don haka ba ya tare wa gero da dawa rana, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki a daidai lokacin da shuka ke bukata. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ya sa hatsin gindin gawo yakan fi na nesa da shi tsawo. Da rani, lokacin da komai ya yi ruwan toka, sai ya yi kore, ya ba da inuwa, ya zubo da 'ya'ya dabbobi su ci su bar kashinsu a gonar. Baƙon da ya zo cikin Agusta zai ce ga mataccen itace an ƙi sarewa. Wane dutse ne a Jos ya fi wannan abin mamaki? Sai dai shi dutse mamakinsa a fili yake, na gawo kuwa sai ka shekara da shi.

A nan ne nake ganin bambancin ƙasashen biyu yake. Kyan tudun Jos yana tsaye ne a sarari, ka same shi yau ka same shi gobe, mai wucewa a mota ma ya samu rabonsa. Namu a cikin lokaci yake tafiya. Sai ka ga shamuwa ta sauka kan rimi ka san ruwa ya kusa. Sai ka shaƙi ƙamshin ƙasa daren ruwan farko. Cikin Agusta dawa ta rufe hanya har mai keke ya ɓace a ciki. Da kaka zangarniya ta sunkuya, dammuna sun taru a fili, balbela na bin shanu cikin kara. Da hunturu hazo ya mai da rana kamar farin faranti, kukoki sun tsaya tsirara. Da bazara ɗorawa ta rataya jajayen furanninta kamar tuntu, zuma na kuka a kai. Wanda ya zo rana ɗaya ya ga shafi ɗaya, sai ya ce littafin ba labari. Mu kuma da muke ciki, sabo ya rufe mana ido.

Abin kunya, baƙi sun riga mu faɗa. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya shigo ƙasar Kano daga Katsina a 1851 ya yi mamakin yadda karkararta ta ginu da gonaki da itatuwa, har ya kamanta ta da lambu. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi dogon bincike kan ƙauyukan da ke kewaye da birnin, ya nuna cewa yawan jama'a bai ƙarar da itatuwan gona ba kamar yadda masana da yawa suka zata, domin manoma suna tattalinsu. Ba ina cewa sai Bature ya yaba za mu yarda ba. Ina dai nuna cewa abin yana nan a gani ga duk wanda ya tsaya.

Kada kuma in yi abin da nake hana wani, in mai da ƙasarmu waliyyiya in mai da ta wasu abin tausayi. Duwatsun Shere da Riyom ba kamfani ne ya ɗora su ba, kyansu ba shi da bashin kowa. Ƙauyukan Birom masu shingen ƙerana da gonakin acca a tsakanin duwatsu, su ma aikin hannu ne da haƙuri irin namu, na wuce su ban gani ba don hankalina na kan ruwa. Tafkunan kuza ma ba su tsaya a matsayin rauni kawai ba: mutanen wurin sun ja ruwansu suna noman rani, dankalin Turawa da kabeji da karas, har wasu su iso kasuwanninmu. Ta ɓangarenmu kuma, ruwan da muke taƙama da shi yanzu, Guzu-Guzu da Magaga da babban dam na Challawa da aka gama a Karaye a 1992, duk ɗan Adam ne ya tare, kuma a ƙarƙashin irin wannan ruwa akwai gonakin wasu. Baƙon da zai zo ya ɗauki hoton faɗuwar rana a kai, shi ma ba zai tambaya ba.

Ga kuma abin da ya fi yi mini nauyi. Bayan rasuwar Baffa aka raba gado, wata gona ta faɗo mana ni da 'yan'uwana, a tsakiyarta akwai wata tsohuwar ɗorawa da mutum biyu ba sa haɗa hannu a gindinta. Daga ita ake samun kalwar daddawar gidanmu, da garin da muke sha muna yara, da makubar da ake shafe soro. Wata shekara buƙata ta taso, masu sayen itace suka taya. Aka kira ni a waya ina birni, aka ce me na gani. Ni da na riga na ji maganar Baffa, ni da nake rubuce-rubuce, na ce a sayar. Yini ɗaya aka yi da injin yanka. Kuɗin bai kai wata ba. Ban kawo wannan don a tausaya mini ba, na kawo ne don in nuna cewa sanin abu daban, ganin girmansa daban. Da a ce dutsen Riyom aka ce za a fasa a sayar da tsakuwa, da na rubuta maƙala mai zafi. Ɗorawar gonarmu kuwa, tun ina makaranta ba littafin da ya taɓa nuna mini cewa abin kallo ce, sai na ɗauke ta itace kawai. Ka duba gonakinmu yau, manyan itatuwa suna faɗuwa ga masu gawayi da masu katako, ƙananan da za su gaje su kuwa ba su da yawa, in ban da darbejiya, wadda ita ma daga Indiya aka kawo ta zamanin Turawa.

Ba abu ne da ba ya gyaruwa ba. A ƙasar Maraɗi, bayan farin da aka sha, tun daga wajen 1983 manoma suka koma barin tsiron da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su rage rassan su bar ɗaya ko biyu su girma, abin da suke kira sassabin zamani. Da wannan kaɗai miliyoyin itatuwa suka dawo gonakin kudancin Nijar, gawo na gaba-gaba musamman wajen Damagaram. Sun sa masa suna zamani, amma in ka duba shi ne dai ɗaga hannun nan na kakanni.

Na mayar wa yaron Kabo daftarinsa, ban ce ya cire Jos ba. In masoyansa suna da kuɗin mota su je, wa zai hana su? Na dai ja layi ƙarƙashin inda ya rubuta furanni masu ruwan ɗorawa, na tambaye shi daga ina kalmar ta fito. Ya yi shiru, sannan ya ce bai taɓa tunani ba. Launin da ya ɗauka ya kai wa furannin wata ƙasa, sunansa daga itacen bayan gidansu aka samo shi. Na ce in yana da lokaci ranar Asabar ya zo mu je gona.

Ya zo. Muka tsaya kan kututturen ɗorawar, faɗinsa ya ishi mutum ya shimfiɗa buzu ya yi salla. Ya tambaye ni wa ya sare, na gaya masa. Can gefen kunya, kamar taku goma daga inda muke, wani ɗan tsiron gawo ya fito, bai kai kamu biyu ba, ƙayarsa fara-fara. Wanda ke noma mana gonar ya ce yana shirin cire shi kafin shuka don yana kama masa wando. Yaron ya durƙusa yana dubawa, ya ciro takarda daga aljihu, ya tambaye ni shekara nawa gawo yake yi kafin ya yi inuwa.